Daga Kasuwar Pitowa Zuwa Omaha: Darasin Gasar Ɗaliban Amurka Ga Makarantunmu

Duk wanda ya ci kasuwar Pitowa ran Lahadi, in ya ratsa ta wajen 'yan gwanjo, ba zai rasa ganin hulunan nan da muke kira hana-salla an rataye su jeri-jeri ba. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da haruffa biyu, N da Y, ɗaya a kan ɗaya. Samarinmu suna saye don ado, 'yan acaba suna sawa don rana, har manoman auduga ma ba a bar su a baya ba. Amma in ka tsai da mutum goma ka tambaye su ma'anar haruffan, da ƙyar ka sami ɗaya da zai gaya maka. To, alama ce ta wata ƙungiyar wasa ta birnin New York da ake kira Yankees, wasan da suke yi kuwa shi ne besbol, watau ƙwallon sanda irin na Amurkawa.

Ashe ke nan hular wasan ta riga wasan isowa gare mu. Akwai hukumar besbol a ƙasar nan, kuma akwai yaran da ake koya wa wasan a Yawunde, amma a nan Arewa bai yi saiwa ba. Mai karatu yana iya cewa, to, ina ruwan biri da gada? Ruwanmu shi ne, kowace shekara a ƙarshen watan Mayu, daidai lokacin da yaranmu ke fama da shirin jarrabawa, ɗaliban jami'o'in Amurka sukan shiga wata gasa ta shiyya-shiyya a wannan wasa, kuma yadda aka tsara ta yana da abin da zai amfane mu, mu da muke da wasannin makarantu namu, muke kuma da jami'o'i uku a jihohin Arewa.

Yadda ake wasan

Wanda ya taɓa yin langa yana yaro ba zai sha wuyar gane besbol ba, domin duka biyun maganarsu ɗaya ce, mutum ya tashi daga wuri ya kai inda ake nufi ba a tare shi ba. Kowane ɓangare yana da mutum tara a fili. Ɓangare ɗaya yana jifa yana tsaro, ɗayan yana bugu. Mai jifa yakan tsaya a kan wani ɗan tudu, tazarar mita 18 da ɗoriya daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo mai tauri wanda bai fi lemun zaƙi girma ba. Mai bugu kuwa yana riƙe da sanda, in ya sami ƙwallon ya maka shi, sai ya yar da sandar ya sheƙa da gudu.

A filin akwai matsaya huɗu da aka jera kamar kusurwoyin ɗaki, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kimanin mita 27. Ta huɗun ita ce gida, watau inda aka tashi. Duk wanda ya zagaya su duka ya komo gida lafiya, ya ci wa ƙungiyarsa ɗaya. In kuwa aka cafe ƙwallon a sama kafin ya taɓa ƙasa, ko aka riga mai gudu kai ƙwallon matsayar farko, ko ya kuskure jifa mai kyau har sau uku, to ya fita. In mutum uku suka fita sai a sauya, masu tsaro su koma bugu. Haka za a yi ta yi har zagaye tara. Babu agogo a wasan, saboda haka babu jan lokaci irin wanda muka saba gani, inda mai tsaron gida zai kwanta yana birgima don a cinye minti biyu. Wanda ke gaba dole ya ci gaba da jefa wa abokin karawarsa ƙwallo har sai ya fitar da mutum na ƙarshe.

Hanyar zuwa Omaha

Ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka ana kiranta NCAA. A babban rukuninta akwai jami'o'i kimanin 300 da ke da ƙungiyar besbol. Sukan fara kakar wasa a watan Fabrairu, su yi wasa hamsin da wani abu kafin ƙarshen Mayu. Daga nan ne ake tace su a fitar da 64, kuma tun 1999 ake amfani da wannan adadi. Kusan rabinsu suna shiga ne domin sun zama zakaru a rukunonin da suke ciki, sauran kuwa wani kwamiti ne yake zama ya duba yawan nasarorinsu da ƙarfin waɗanda suka kara da su, sa'an nan ya zaɓa.

Waɗannan 64 sai a raba su gida 16, kowane gida ƙungiya huɗu. Wannan shi ne matakin shiyya. Akan yi shi ne a filin ɗaya daga cikin jami'o'in huɗu, galibi wadda ta fi ƙoƙari a kakar, don haka ƙwazon watanni huɗu ba ya tafiya a banza, ladarsa ita ce ka yi wasa a gaban mutanenka. Zakarun shiyyoyi 16 sai su haɗu biyu-biyu a mako mai zuwa, wanda ya riga cin wasa biyu cikin uku ya wuce. Takwas ɗin da suka rage su ne ke tafiya birnin Omaha na jihar Nebraska, inda ake yin gasar ƙarshe a watan Yuni.

An fara wannan gasa ne a 1947 a wani gari da ake kira Kalamazoo, inda jami'ar Kalifoniya ta doke ta Yale. Cikin 'yan wasan Yale na wannan shekara akwai wani ɗalibi mai suna George Bush, wanda ya zama shugaban Amurka a 1989. A 1950 aka mai da gasar Omaha, kuma tun daga lokacin ba ta sake barin garin ba, in ban da 2020 da annobar korona ta hana a yi ta gaba ɗaya. Omaha ba ta cikin manyan biranen ƙasar, amma mutanenta sun riƙe gasar nan da hannu biyu fiye da shekara 70, har sunan garin ya zama kirari a bakin 'yan wasa. Jami'ar Kudancin Kalifoniya ce ta fi kowa cin kofin, sau 12, ciki har da biyar a jere daga 1970 zuwa 1974. Mai bi mata ita ce jami'ar jihar Luwiziyana, wadda ta ci na takwas a 2025.

Faɗuwa ɗaya ba ta kore ka

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tsari shi ne yadda ake yin matakin shiyya. Mu a nan mun saba da sili ɗaya ƙwale, in an ci ka yau, gobe sai tasha. A can kuwa sai an ka da kai sau biyu kafin ka tattara kayanka.

Ga yadda abin yake. Ran Juma'a ta ɗaya cikin huɗun takan kara da ta huɗu, ta biyu kuma da ta uku. Ran Asabar waɗanda aka ci sai su haɗu, wadda ta sake faɗuwa ta tafi gida, waɗanda suka yi nasara su ma su haɗu. Ran Lahadi wadda ta tsira daga cikin waɗanda suka fara faɗuwa sai ta gamu da wadda aka ci ran Asabar, mai nasara a nan kuma ta fuskanci ƙungiyar da ba a ci ko sau ɗaya ba, galibi a wannan rana. In wadda ba a taɓa ci ba ta yi nasara, magana ta ƙare. In kuwa aka ci ta, to kowa yana da faɗuwa ɗaya ke nan, sai a sake karawa ran Litinin a raba gardama. Duka-duka wasa shida ne ko bakwai.

Kada mai karatu ya zaci rahusa aka yi wa rago. Ƙungiyar da ta faɗi ran Juma'a sai ta ci wasa huɗu a jere cikin kwana uku kafin ta fita daga shiyyar. Ga shi kuma jifan besbol yana cin hannu ƙwarai, wanda ya yi jifa kamar ɗari a wasa ɗaya sai ya huta kwanaki kafin ya sake, in ba haka ba ya lalata kafaɗarsa ko gwiwar hannunsa. Saboda haka ƙungiyar da ta dogara da gwani ɗaya ba ta zuwa ko'ina. Dole mai horarwa ya tanadi yara da yawa, har da waɗanda suka shekara a kan benci, domin ran Lahadi da yamma, sa'ad da hannuwan gwanaye suka mutu, su ne za a kira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tsarin da kansa ne yake tilasta wa makaranta ta horar da kowa.

Wannan tsari ya sha fitar da abin mamaki. A 2006 jami'ar jihar Oregon ta sha kashi da ci 11 da 1 a wasanta na farko a Omaha, amma ta farfaɗo ta tafi da kofin. A 2008 jami'ar Fresno, wadda aka sa ta ta huɗu, watau kurar baya a shiyyarta, ita ce ta zama zakarar ƙasa baki ɗaya, bayan an ci ta wasa 31 a wannan kaka. A 2012 wata jami'a da ake kira Stony Brook ta je har gidan Luwiziyana ta fitar da ita, a 2025 kuma Murray State, wadda ita ma ta huɗu ce a shiyyarta, ta kai Omaha karo na farko a tarihinta. Rashin sani ne ke sa a raina gajere.

Mu fa a nan gida?

Mu ma muna da tsani irin wannan, ko da yake da yawa daga cikin iyaye ba su san da shi ba. Wasannin makarantu a Kamaru suna hannun hukumar FENASSCO, wadda ta kasu gida biyu: rukunin A na makarantun sakandare, rukunin B na firamare. Yaro yakan fara ne daga makarantarsu, in ya yi fice ya wakilci ƙaramar hukumarsu, daga nan gunduma, sa'an nan jiha, daga bisani jihohi goma na ƙasar su haɗu a gari ɗaya a yi wasannin ƙarshe, galibi a hutun Ista. Watau yaron da ke gudu ba takalmi a bayan makarantarsu a Pitowa, ko Bibemi, ko Lagdo, ko Gashiga, akwai hanyar da aka shata masa har zuwa gaban manyan ƙasa, in an bar shi ya bi ta.

Jihar Arewa kuwa gundumomi huɗu gare ta: Binuwai mai hedkwata a Garwa, Mayo-Luti a Gidar, Faro a Poli, da Mayo-Rey a Colire. Huɗu cif, daidai da adadin shiyyar Amurkawa. Duk wanda ya san hanyar Colire ko ta Poli ya san abin da ake nufi da kawo yara Garwa. Tsarin faɗuwa biyu yana tabbatar wa kowace ƙungiya cikin huɗu wasa biyu aƙalla, kuma babu wasa ko ɗaya a cikinsa da za a yi don cika ƙa'ida kawai, ko a haɗa baki a yi kunnen doki don a fitar da wani. Ko da hukuma ba ta ɗauka ba, masu shirya gasar hutu a unguwanninmu, waɗanda attajirai da 'yan siyasa ke sa wa kofi kowace damina, ba su bukatar izinin kowa kafin su gwada. Yaran da suka yi wata guda suna atisaye, suka yi karo-karo suka ɗinka riguna, bai kamata a sallame su cikin minti casa'in saboda bugun daga kai sai mai tsaron gida guda ɗaya ba.

A matakin jami'a kuma akwai hukumar FENASU, mai shirya wasannin jami'o'i na ƙasa, waɗanda aka fara a 1998. A lokacin jami'a ɗaya tak ke gare mu a duk Arewa, watau ta Ngaundere, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993. An kafa ta Marwa a 2008, ta Garwa kuma a watan Janairu na 2022 tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa, abin da ya kai jami'o'in gwamnati 11. Marwa ta karɓi wasannin a 2018. Bayan na 2019 annobar korona ta tsai da su, sai a 2023 aka komo da su a Ngaundere. A ƙarshen Mayu na 2024 Garwa ta karɓi karo na 24, tana da shekara biyu kacal da kafuwa, a 2025 kuma aka sake komawa Marwa. Shekara uku ke nan a jere ɗaliban ƙasar nan suna hawo mana Arewa.

Wanda ya ga Garwa a wannan mako ya ga abin kallo. An yi ƙwallon ƙafa, da na hannu, da na raga, da na kwando, ga guje-guje da tsalle-tsalle, ga kokawa da judo. Ga kuma ƙungiyoyin magoya baya na kowace jami'a, masu kiɗa da rawa da shiga iri-iri, waɗanda su ma gasa suke yi a tsakaninsu. Masu abinci da masu masauki da 'yan acaba duk sun shaida. Amma tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu, mu Hausawan ƙasar nan, ita ce: a cikin waɗanda suka sa riga suka shiga fili, nawa ne 'ya'yanmu? Kowa ya duba unguwarsu ya ba kansa amsa. Sayar wa baƙi tsire da ruwan sanyi sana'a ce mai albarka, amma ba ita kaɗai ce rabonmu a irin wannan taro ba.

Ba kuwa don ƙasarmu ba ta fitar da gwanaye ba ne. Ƙungiyar Coton Sport, wadda aka kafa a 1986 a ƙarƙashin kamfanin auduga na SODECOTON, ta zama zakarar gasar lig ta ƙasa karo na farko a 1997, ta kuma kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, inda ta yi biyu da biyu da Al Ahly ta Masar a filin Rumde Ajiya bayan an ci ta biyu da nema a Alƙahira. Daga cikinta Vincent Aboubakar ya fito, wanda ya ci wa Kamaru ƙwallon da ya ba ta kofin Afirka a 2017. A watan Janairu na 2022 kuma duniya ta ga yadda mutanen Garwa suka cika filin nan maƙil sa'ad da Nijeriya ta doke Masar ɗaya da nema. Son wasa dai muna da shi. Abin da ya rage shi ne haɗa shi da karatu.

Ragon suna da takardar haihuwa

A nan sai in ba da labarin gidanmu, domin kada a ce ina nuna wasu da yatsa. Akwai ɗan ƙanena, yaro siriri mai gudu kamar barewa. Yana aji biyar na firamare ya tsere wa kowa a makarantarsu, ya kuma tsere wa na sauran makarantun da aka haɗa su. Da aka zo tafiya mataki na gaba sai aka ce kowane yaro ya kawo takardar haihuwa, domin a tabbatar da shekarunsa. Aka bincika akwati, aka zazzage jaka, babu ita babu dalilinta. Ran sunansa mun yanka rago, mun raba goro, maroƙa sun yi ta shela, amma a cikinmu duka babu wanda ya taka zuwa ofishin magajin gari ya sa a rubuta shi.

Ranar da motar 'yan wasa ta tashi ba shi, ya same ni a zaure ya durƙusa ya ce, "Baffa, wanda na tsere wa sau biyu shi aka tafi da shi." Na rasa abin da zan ce masa, domin laifin ba na malamansa ba ne, namu ne. Sai da muka yi watanni muna kai da kawowa, da shaidu da takardar likita da zaman kotu, muka kashe kuɗin da ya fi na ragon, kafin takardar ta fito. Abin da ya ɗan sanyaya mana rai shi ne, da tseren nan bai tona mana asiri ba, da sai shekara mai zuwa za mu farga, lokacin da za a hana shi rubuta jarrabawar CEP. Yara nawa ne a ƙauyukanmu karatunsu ke tsayawa a aji shida saboda wannan 'yar takarda?

Ɗaya gefen matsalar kuma shi ne rage shekaru. Kowa ya san ana yi: ƙato mai gemu a aske shi a ce ɗan shekara 15 ne, ko a ɗauko wanda ya bar makaranta tuntuni a ba shi katin ɗalibi na mako guda. An taɓa yin abin kunya da duniya ta ji, sa'ad da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a ƙarƙashin Samuel Eto'o ta sa aka yi wa 'yan ƙasa da shekara 17 gwajin ƙashin wuyan hannu, aka sami 21 cikin 30 ba su tsallake ba. Irin wannan ba a Yawunde yake farawa ba. Yana farawa ne ran da aka cuci ƙaramin yaro a gasar makaranta, aka haɗa shi da wanda ya girme shi da shekara biyar, ya sha kashi, ya yanke ƙauna ya bar wasan. Ƙaton kuma da aka ci kofi da shi ba ya zuwa ko'ina, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ƙwallo ko karatu?

Da yawa daga cikin iyayenmu suna ganin wasa shashanci ne, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Sun ga yaran da suka yar da littafi saboda ƙwallo, aka sayar da gona ko shanu aka ba wani dillali da ya yi alkawarin kai su Turai, daga ƙarshe ba tsuntsu ba tarko. Amma maganin wannan shi ne a ɗaure wasan a jikin makaranta, yadda duk wanda ya saki ɗaya, ɗayan ma ya kuɓuce masa.

A nan ne dokar Amurkawa take da amfani. Ba a barin ɗalibi ya sa rigar jami'a sai yana cikakken ɗalibi mai ɗaukar darussa, kuma yana cin jarrabawarsa gwargwadon yadda aka ƙayyade. In makinsa ya faɗi, sai benci, kome gwanintarsa. Wanda ya shiga jami'a mai shekara huɗu kuma, manyan ƙungiyoyin besbol na ƙwararru ba su da ikon ɗaukarsa sai ya yi shekara uku ko ya cika shekara 21. Mafi yawan yaran nan da ke fafatawa a shiyyoyi ba za su taɓa cin abinci da besbol ba, kuma sun san haka. Abin da ke hannunsu in an gama shi ne takardar digiri.

'Ya'yan ƙasar nan ma sun bi ta wannan ƙofa, a wasan ƙwallon kwando. Joel Embiid, haifaffen Yawunde, ya bi ta jami'ar Kansas kafin a ɗauke shi a 2014, ya kuma zama gwarzon gasar NBA a 2023. Pascal Siakam na Duwala ya yi jami'ar jihar New Mexico, aka ɗauke shi a 2016, ya ci kofi da Toronto a 2019. A besbol ɗin kansa, ɗan Afirka na farko da ya kai babbar gasar Amurka shi ne Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, a 2017.

Ba a ce tsarin nasu ba shi da aibu ba. Kuɗi sun yi masa katutu. Kafin 2021 jami'o'i suna tara dukiya da wasannin ɗalibai, alhali an hana ɗaliban karɓar ko kwabo da sunansu, sai da aka yi ta shari'a kafin a sassauta. Har ila yau mai ƙarfi shi ke ƙara ƙarfi: daga 2019 zuwa 2025 duk waɗanda suka ci kofin Omaha daga rukuni ɗaya suka fito, na kudu maso gabashin ƙasar, inda ake da kuɗi da manyan filaye, kuma sanyi ba ya hana atisaye. Mu ma mun san irin wannan, domin makarantar INJS ta Yawunde, wadda aikinta ke nan horar da malaman wasanni, ta sha zama kan gaba a lambobin wasannin jami'o'inmu. Sai dai labarin Fresno ya isa ya nuna cewa in tsari ya ba ƙarami dama, wata rana zai ba da mamaki.

Sai maganar 'yan mata, wadda ba ma son tayar da ita. Françoise Mbango ta ciyo wa Kamaru lambar zinariya a wasannin Olamfik sau biyu, a 2004 da 2008, 'yan matanmu na ƙwallon raga kuma sun zama zakarun Afirka a 2017 da 2019 da 2021. Damuwar iyaye game da sutura da tafiya da masauki damuwa ce ta gaskiya, ba kuma a magance ta da yi musu dariya. Ana magance ta ne in uwaye da malamai mata suka shiga cikin masu rakiya, aka kuma yarda yarinya ta sa dogon wando da ɗankwali ta yi gudunta. Wannan magana ce da ƙungiyoyin iyayen yara za su iya kaiwa gaban shugabannin makarantu, in har muna halartar taronsu.

Abin da ke hannunmu

Kiranmu na farko ga iyaye ne. Duk wanda aka yi wa haihuwa, ya haɗa kuɗin rago da zuwa ofishin magajin gari a mako guda, kuma ya rubuta ranar gaskiya. Limamai da masu unguwanni suna iya taimakawa ƙwarai, in suka riƙa tambayar takardar a wurin raɗin suna kamar yadda ake tambayar goro. Wanda kuma ɗansa ya riga ya girma ba takarda, kada ya jira sai shekarar jarrabawa.

Na biyu ga masu hannu da shuni. Maimakon kofi da ambulan da za a raba a cinye a dare ɗaya, a gwada biya wa yaran ƙungiyar da ta yi nasara kuɗin makaranta da littattafai na shekara, da sharaɗin kowane ɗan wasa ya nuna katin sakamakonsa kafin a rubuta sunansa. Mai mota kuma da zai ɗauki nauyin kai yaran garinsu gasar gunduma ya kawo su, ya yi sadakar da ba za a manta ba.

Na uku ga jami'o'inmu na Ngaundere da Marwa da Garwa. Hanya ɗaya ce ta haɗa su, Garwa tana tsakiya, ga filin Rumde Ajiya da filayen atisayen da aka gyara saboda kofin Afirka, ga kuma cibiyar CENAJES a cikin gari. In suka ɗauki ɗaya daga cikin manyan makarantu masu zaman kansu ta cika ta huɗu, sun sami shiyya ke nan. Gasar kwana huɗu kowace shekara, a gari ɗaya da kowa ya san da shi, a shigo da 'yan firamare da 'yan sakandare kyauta su ga yayyensu suna wasa da rigar jami'a, za ta yi wa karatun boko talla a Arewa fiye da jawabai da yawa. Omaha ma da haka ta fara.

Ɗan ƙanen nan nawa yanzu yana sakandare, takardarsa tana cikin leda a ƙasan akwatin uwarsa, kuma har yanzu yana gudu. Ran Lahadin da ta wuce na gan shi a kasuwa da hana-salla mai N da Y, na tambaye shi ma'anarta, ya ce bai sani ba. Na ce masa in mujallar wannan wata ta fito ya karanta wa mahaifinsa da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe. Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu ga amfaninsu, amin.